Shigifa a Makwancin Awaki

Bazarar bana ba ta yi sallama ba, faɗowa kawai ta yi. Tun da hantsi yashi ke ɗaukar wuta, kaji su taru gindin randa baki buɗe, rufin tol, wato kwano, na maƙwabta yana ƙara shi kaɗai saboda zafi. Shekaranjiya ɗana Bukar ya zo da wani maso, maginin siminti, suka zauna a inuwar dogon yaron ƙofar gidana suna shawarar ɗakin da zai gina a filinsa na bayan gari. Maso ya fito da salula yana nuna masa hotuna, wannan rufin gaba yake zubarwa, wancan baya, ga tol ja, ga shuɗi. Kafin shayinsu ya huce sun gama magana. Ina gefe ina tsintar wake, ban sa musu baki ba. Amma zafin nan da maganar rufin suka haɗu suka mai da ni wata bazara, wadda ni ma na tsara ɗaki, da tsinke a kan ƙasa.

Shekarar da ta biyo bayan babban farin nan ce, wanda ya share dabbobi. Maigidana makiyayi ne, can wajen Alakos muke zaune. Shanu suka fara faɗuwa, tumaki suka bi, har aka wayi gari ba abin da ke kuka a garke. Da kaka tari ya kama shi, bai ga tsakiyar sanyi ba. Na yi takaba wurin danginsa, su ma ba su da abin sawa a baki. Da na fita takaba, na goya Bukar, na riƙe hannun yayarsa Aisa, muka hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Gure, gidan ubana.

Baba ya daɗe da rasuwa, ba a raba gado ba. Gidan yana hannun wana, Yaya Ari, da matarsa da tarin ƴaƴansa. Inna tana tsohon ɗakinta kusa da zaure, ƙafa ta kumbura, ido ya fara hazo. Na tarar da Yaya a zaure yana gyaran igiya. Ya dube ni, ya dubi yaran, ya dubi ƙunshin kayana.

"Sannu da hanya, Zara. Kwana nawa za ki yi?"

Gaisuwar da na samu ke nan.

Ba zan ce ba shi da abin da ke cinsa ba. Fataucin kanwa yake yi, kuma da dabbobi suka mutu ba mai sayen kanwa, don babu mai lasa. Jakunansa ya sayar da su ɗaya bayan ɗaya, saura guda. Shi kaɗai ya riƙe Inna duk tsawon farin. A ganinsa lokacin da nono ke zuba a gidana ban tuna da shi ba, sai da ƙwarya ta bushe na kwaso masa bakuna uku. Ni kuwa a ganina gidan ubana na dawo, ba roƙo na zo ba.

Abincin shekarar jar dawa ce ta taimako, wadda ake bin layi tun safe a karɓa. In ta ƙare sai anza. Mata mu shiga daji mu tsinko, a tafasa, a jiƙa, a yi ta canza ruwa kwana da kwanaki kafin ɗacin ya ragu, kuma ko ya ragu yana nan a maƙogwaro. Yara suna yini suna gaigayar goriba har dasashi ya yi jini. Matar Yaya in ta sauke tukunya takan aiko wa Inna ƙwarya ɗaya, daidai cikin mutum ɗaya, mu huɗu mu sa hannu. Da na ga haka sai na shiga yi wa mutane daka da surfe a ba ni tsaki, da yamma in saƙa tabarmar kaba.

Ɗakin Inna kuwa ƙarami ne. Mu huɗu a ciki cikin wannan zafi, Bukar yana kuka saboda nono ya ƙafe, Aisa tana juyi tana taka ƙafar Inna mai ciwo. Tsohuwa ba ta taɓa cewa komai ba, amma ina ganin yadda take yini tana gyangyaɗi a zaune. Wata rana bayan la'asar na sami Yaya a zaure, na durƙusa.

"Yaya, wuri nake so in yi ɗaki. Yaran nan sun hana Inna barci."

Bai ɗago ba. "Ga tsohon zana can bayan rumbu. Ki kafa bukka. Kafin damina ta wuce wani zai fito ki tafi gidanki."

"Ba bukka nake so ba. Shigifa zan yi."

Sai a lokacin ya ajiye igiyar. "Shigifa? Da azara da rufin ƙasa?"

"I, Yaya."

"Ni ba yaro ba ne, Zara. Wanda zai tafi ba ya ɗora ƙasa a kansa."

"Ai ban ce zan tafi ba. Uban da ya haife ka shi ya haife ni."

Mu duka mun san abin da muke faɗa a kai. Bukka a yini ɗaya ake tuge ta, a share wurin kamar ba a yi ba. Amma wanda ya jera azara ya dabe ƙasa a sama ya zauna ke nan, shi da ƴaƴansa bayansa. Yaya yana da maza da ke tasowa, kowane lungu na gidan ya riga ya yi masa mai shi a zuciyarsa.

Bai iya hana ni kai tsaye ba, don Inna na da rai, kuma ya san magana za ta kai kunnen liman. Sai ya zaɓa mini wurin da ya fi kowane muni, kusurwar gabas, makwancin awaki tun zamanin Baba. Nan hadari ke fara duka, nan ruwan tsakar gida ke taruwa. Ya ja layi da diddigensa a ƙasa, ya kewaye.

"Daga nan zuwa nan. In kika wuce da faɗin tafin hannu, rushewa zan yi."

Washegari bayan sallar asuba na tsuguna cikin layin nan da tsinke a hannu. Na zana inda gado zai zauna, inda yara za su kwanta, inda randa za ta tsaya. Ƙofa na sa ta yamma, don ta ba hadari baya. Yaya ya zo wucewa ya tsaya a kaina, ya ce ba za a buɗe ƙofa tana kallon madafar iyalinsa ba, ya sa ƙafa ya goge. Na mai da ita kudu. Inna daga bakin ƙofarta ta kira ni ta ce bangon gabas in yi shi tubali biyu a jere, kuma in ɗaga daɓen ciki sama da tsakar gida, in ba haka ba da damina a tabki zan kwana. Faɗin ɗakin kuwa ban yi wahalar tunaninsa ba. Bayan rumbu akwai azarar tsohon zauren Baba da ya rushe, ta giginya, baƙa wuluk, wadda gara ta gaji ta bari. Na je na gwada ta da kamu, na dawo na yanke faɗin ɗakina daidai tsawonta.

Magina biyu ne a unguwarmu. Na je wurin na farko, ya sunkuyar da kai ya ce, "Zara, ki yi haƙuri, ba na shiga tsakanin ƴan'uwa." Na biyun bai ma fito ba, ya aiko a ce ba ya nan, alhali ina jin tarinsa. Yaya ya riga ni zuwa.

A daji mu mata ke kafa ɗakinmu, amma ginin ƙasa a gari aikin maza ne. Wadda ta fid da ni ita ce Hajara, maƙwabciyarmu ta bayan gida. Mijinta ya tafi Libiya ba labari, ubanta kuwa magini ne, ta tashi tana miƙa masa tubali.

"Ban taɓa ɗora bango da hannuna ba," in ji ta, "amma idona ya ƙoshi da gani. In ya karkace ma, ai namu ne."

Ta jawo wasu mata irinmu, waɗanda maza suka mutu ko suka tafi cirani suka bar su da yara. Ba kullum suke zuwa ba, kowa da yunwar gidanta. Ni da Hajara ne kullum.

Gure yashi ne, laka sai an je busasshen tabkin bayan gari, inda ƙasa ta tsattsage har ƙafa na shiga. Ruwa kuma sai rijiya, ita ma ta yi nisa ƙasa, guga ya daɗe kafin ka ji ya taɓa. Mu haƙo laka, mu ɗauko ruwa a ka, mu kwaɓa da ƙafa da kashin awakin da na kankare daga kusurwar, don ko ƙaiƙayi babu a shekarar. Mu mulmula tubali mu jera a rana, in ya bushe mu kwaso a kwando. Jakin Yaya yana ɗaure yana korar ƙuda da wutsiya, ni ina wucewa ta gabansa da kwando a ka, wuyana yana ƙara. Ban roƙa ba, shi ma bai ce in ɗauka ba.

Muna cikin haka azumi ya kama. Yanzu in azumi ya faɗo a bazara kowane lungu akwai mai sayar da ƙanƙara, yara na yawo da ruwan sanyi a leda. A lokacin ruwan randa ne, shi ma da ɗumi. Da mun yi sahur da ragowar tuwon jar dawa muka yi asuba, sai mu fita tun ƙasa na da sanyi. Mu yi aiki har rana ta fara cizo, sannan kowa ta nemi inuwa ta kwanta kamar gawa, da jiƙaƙƙen zane a jiki. Leɓe ya tsage, harshe ya yi nauyi, in ka tashi tsaye sai ka ga duhu. Bayan la'asar mu koma, Hajara a kan bango ina miƙa mata. Buɗa baki kunun tsamiya ne ba sukari, sai goriba da aka jiƙa don a sami ɗan zaƙi.

Kowace yamma Yaya sai ya zo ya duba layinsa. Ba ya magana, yana zagayawa ne hannu a baya. Ran nan bango ya kai ƙugu, ya tarar wani gefe ya ɗan yi ciki ya leƙa waje. Ya sa ƙafa ya tura. Aikin yini guda ya zube a gabanmu, laka ba ta ko bushe ba. Hajara ta diro tana huci.

"Malam Ari, ka ji tsoron Allah! Da azumi a bakinka?"

"Ke kuma a wa? Ki koma gidan mijinki ki yi faɗa, in kin san inda yake."

Na ga idon Hajara ya kawo ruwa. Ta sunkuya ta fara tsince tubalin da bai fashe ba. Washegari ta riga ni fitowa.

Da bango ya wuce kaina da ɗagin hannu, lokacin rufi ya yi. Na sake durƙusawa gaban Yaya na ce azarar Baba nake so, ko da rabona ne kawai a ciki. Ya ce zai duba. Da safe ina dawowa daga rijiya na ji ƙarar haƙa. Shi ne da manyan ƴaƴansa suna kafa rumfa a tsakar gida. Azarar nan duka, wadda ta riƙe zauren ubanmu, ya kafa wasu ya gicciya wasu, ya jefa tsohon zana a kai, ya jawo jakinsa ya ɗaure a ƙarƙashi. Jaki ɗaya, rumfar da za ta ɗauki mutanen ɗaurin aure.

Inna ta dafa bango ta fito. "Ari, jaki ya fi ƙanwarka?"

"Jakin ne ke kawo abin da kike ci, Inna."

Na sauke tulun a hankali don kada in jefe shi da shi. Na ce, "Yaya, ko da haƙarƙarina ne sai na rufe ɗakin nan."

"To ki rufe. Amma na rantse da Allah, ƙafata ba za ta taɓa shiga cikinsa ba."

"Ba a gayyace ta ba," na ce masa.

Ƙanwar Baba, Gwaggo Falmata, tana da lambu a wani kwari, tafiyar rabin yini. Na bar yara wurin Hajara na taka. Tudun yashi ya gangaro ya cinye gefe ɗaya na lambun, ya binne goriba har wuya, sun bushe a tsaye. Gwaggo ta saurare ni har na gama, ta yi tsaki.

"Ari tun yana yaro in ya ƙoshi sai ya zubar da sauran don kada wani ya ci. Ga su can, matattu ne, ko ƴan gandun daji ba su da magana. Ki ɗiba."

Ɗanta ya sare su ya tsaga, bayan kwana biyu ya kawo mini a kan raƙumi. Murna ta hana ni zama. Muka ɗaga ta farko ni da Hajara muka aza a kan bango, sai ta faɗo ciki. Ba ta kai ba. Muka gwada wata, muka gwada wata. Goriba gajera ce, ga karkata, ni kuwa na yanke faɗin ɗakina a kan giginyar Baba. Daga ƙarƙashin rumfar jaki na ji dariyar Yaya, ba mai ƙarfi ba, daidai yadda zan ji.

Hajara ta ce ba makawa sai mun rushe bango ɗaya mun matso da shi. Na ce tubali ɗaya ba zan sauke ba yana kallo. Na shiga cikin ɗakin da ba rufi na zauna a ƙasa, rana na dukan tsakar kaina, ina kallon sama. Na daɗe a nan. Cikin itacen da aka kawo akwai wani gungume mai kauri da ba a tsaga ba, mai baki biyu a sama, yadda goriba ke rabuwa. A daji irinsa muke kafawa tsakiyar ɗaki ya ɗauki komai. Na kira Hajara na zana mata a ƙasa. Mu kafa shi a tsakiya, mu ɗora masu kauri biyu daga bango zuwa bakinsa, ta nan da ta can, sannan gajerun su kwanta daga wannan gadon bayan zuwa bangon gefe. Ta duba ta ce ɗakin zai zama da gungume a tsakiya kamar turken doki, kowa ya shigo sai ya buga goshi. Na ce ya buga.

Matan nan suka taru ranar da muka ɗaga shi. Ba gamba a daji balle a yi sabon zana, ba kara a gona, sai na shimfiɗa tabarmin kabar da na saƙa don sayarwa, muka bi da ganyen kaba a kai. Muna shirin fara hawar da laka sai ga Yaya.

"Ruwan rufin nan ina zai zuba?"

Na ce titi, ta katangar baya.

"Katangata ba a huda ta."

"To tsakar gida."

"Ɗigo ɗaya ban yarda ya sauka a tsakar gidana ba."

"To sama zai koma, Yaya?"

"Ke kika ce shigifa."

Na fafe wani guntun goriba na yi indararo, na karkata rufin ya zubo ta gefen ƙofata, cikin layin da ya ja mini. Hajara ta ba ni aron babbar randarta na girke a ƙarƙashi. Na ce in ta cika zan kwashe da bokiti in kai titi. Ya ce zai gani.

Bayan Sallah da ƴan kwanaki, mun hawar da lakar farko ba mu kai ga dabe ta ba, da azahar iska ta tsaya cik. Gumi na zuba ko ba ka motsa ba. Can sai gabas ta yi ja, ta koma baƙi. Gari ya ɗauki sowa, yara suka fito tsirara suna tsalle, tsofaffi na ɗaga hannu sama, don an daɗe ba a ga hadari irin wannan ba. Ni kaɗai a Gure nake cewa a raina ya Allah ka jinkirta mini yini biyu. Iska ta zo da yashi ta rufe ido, sannan ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugo, sannan ruwa, manyan ɗigo masu zafin duka.

Muka hau rufin ni da Hajara da duk abin da hannu ya kai, tabarma, buhu, har zanen gadon Inna. Muna shimfiɗawa iska na ɗagawa, muna tattaka laka tana zamewa a ƙarƙashin ƙafa. Na waiga na ga Yaya ya fito da kujera ya zauna bakin ƙofarsa. Kowa a garin sama yake kallo, shi rufina yake kallo. Kusurwar gabas ta saki, laka ta kwarara ta bi bango ta ciki, na ji rufin ya motsa a ƙarƙashina. Na tsaya ina jiran ya tafi da mu. Gungumen ya riƙe.

Sai Aisa ta yi ihu cewa randa ta cika. Na diro na ɗauki bokiti. In cika, in ruga ta tsakar gida, in ratsa zaure, in watsa a titi, in dawo. Ban san sau nawa ba. Zane ya manne a jikina, laka har gira. A wani zuwan, ina wucewa ta gabansa, Yaya ya ce, "Kina ɗiga mini ruwa a zaure."

Ban tsaya ba. Da na tsaya da ɗayanmu bai kwana lafiya ba.

Da rana ta fito muka gyara kusurwar, muka hawar da laka ta biyu, muka dabe da kyau. Na shafe ciki da farar ƙasa, na shiga da yarana. Gari duk ya watse gona, Gwaggo ta yanka mini ɗan gefe a gonarta ta bayan gari na shuka gero da wake. In na dawo da rana na shiga ɗakin nan, sanyi ke tarbata kamar na shiga cikin tulu. Har yau a cikinsa nake kwana.

Ruwa na uku ɗakin Inna ya fara yoyo. Yaya ya ce zai gyara in ya sami sarari. Ba ta jira ba. Da safe ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki carbi da butarta, ta ratsa tsakar gida tana jan ƙafa, ta shigo wurina ta zauna. Yaya ya zo ya tsaya daga waje, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Inna, ki koma ɗakinki. So kike gari ya ce na kasa riƙe ki?"

"Nan ya fi sanyi, Ari."

"Ita ta zuga ki."

"Ba wanda ya zuga ni. Ruwa ne ya zubo mini a ka."

Da tsakiyar damina, gero ya fara fid da kai amma ba a kai ga ci ba, zazzaɓi ya kwantar da ita. Jikin da ya sha yunwa bai da abin faɗa da ciwo. Ranar da muka ga alamar tafiya ce, bayan azahar, ana yayyafi, ta ce a kira mata Ari. Na aika Aisa. Ya zo da sauri har ya bar takalmi ɗaya, amma da ya iso bakin ƙofa ya tsaya.

"Ku fito da ita. Ku kai ta ɗakinta."

"Ba ta ɗaguwa, Yaya."

Inna ta juyo da kai wajen haske. "Ari, shigo."

"Inna, na yi rantsuwa."

Na ce, "Ka shigo, ka yi kaffara daga baya. Ba wanda zai ce maka komai."

Bai ko dube ni ba. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya miƙa hannu ciki iya tsawonsa, bai kai ba. Ruwan indararo na fantsama a bayansa. Inna ma ta ɗaga nata hannun. Da na ga da gaske ba zai shigo ba, na kama gefen tabarmar, Hajara ta kama ɗaya, muka ja ta a hankali, muka kewaye gungumen, har bakin ƙofa. Ya riƙe hannunta ya kifa goshi a kai yana kuka kamar yaro, ƙafafunsa biyu a waje cikin taɓo. Ta ce ta yafe mana mu duka. Ta ce mu riƙe juna. Ba wanda ya amsa a cikinmu. Kafin magariba ta cika. A ɗakina mata suka yi mata wanka, muka miƙa ta ga maza ta bakin ƙofa.

Ana gama sadakar arba'in sai ga maginan nan biyu da suka ƙi ni, da tubali a kan jakin Yaya. Suka ja katanga daga bangon gabas ta kewaye ɗakina da ɗan filin gabansa, ta je ta haɗe da katangar baya. Ina tsaye ina kallo tana tashi. Ba su bar ƙofa ba.

"Yaya, ta ina zan fita?"

"Ki huda ta titi. Yanzu katangarki ce."

Na ari diga na fasa ƙofa ta lungu da hannuna. Hajara tana kwashe ƙasa, sai ta tsaya ta riƙe ƙugu. "Zara, kin san abin da ya yi kuwa? Gado ya raba." Haka liman ma ya ce da ya zo ya gani, ya sa dattawa biyu suka shaida. Abin da Yaya ya yi ta gudu tun ranar da na sauka, shi ya gina shi da kuɗin tubalinsa, don kada ya riƙa ganina da safe.

Muka zauna haka shekara da shekaru, katanga ɗaya tsakaninmu. Ina jin tarinsa da asuba, yana jin dakana. Na san ranar da aka yi haihuwa a gidansa, ya san ranar da aka kai Aisa ɗakin miji. Yaranmu suna zagayawa ta titi su yi wasa tare, ba mu hana ba. In mun haɗu wurin gaisuwar mutuwa, "Ina kwana, Yaya," "Lafiya," shi ke nan. Mutane sun yi ta shiga tsakani har suka gaji.

Ya rasu da sanyi, ƴan shekarun baya. Ina wanke tukunya da hantsi na ji kuka ya tashi ta bayan katanga, na san ko wane ne. Daga inda nake tsugune zuwa gadonsa, da ba katanga, ko numfashi ba zan sake ba na isa. Na ɗauraye hannu, na yafa mayafi, na fita ta ƙofata, na bi lungu na zagaya, na yi sallama a zaure na shiga. Gidan ya cika da mata. Wata amaryar jikansa, da aka kawo daga Damagaram ba da daɗewa ba, ita ke tarbar baƙi. Ta shimfiɗa mini tabarma can gefe kusa da takalma, ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi.

"Sannu da zuwa, Iya. Daga wace unguwa, in faɗa musu?"

Na dube ta. Yarinya ce, ba laifinta.

Na ce, "Maƙwabciya ce."